A Gindin Farin Dutse Za Ku Sa Ni

Masi, sauke tulun nan ki zo. Yanzu nake nufi, ruwa zai jira ki, ni ce ban san ko zan jira ba. Ɗauko abin rubutunki na makaranta. Kuve, ke ma matso ciki, kunnenki ba ya kaiwa daga bakin ƙofa, kada gobe ki tafi rijiya ki ce ba haka na faɗa ba. Ina Sini? To, ga shi. Zauna a kan turmin nan, ƙanin miji, yau ba tsokanarka zan yi ba. Ku saurare ni tun numfashi yana zuwa.

Rubuta, 'yata. Ni Kwanye, matar marigayi Vandi, uwar Tizhe da Zira da Kwaramba, ni ke magana. Masi matar Zira ke rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ƙawata Kuve da Sini ƙanin mijina su ne shaidu. Hankalina ɗaya. Ƙafa ce ta kumbura, ƙirji ne ya toshe, amma kai lafiyarsa ƙalau. Na san akuyata mai jan kunne ciki gare ta, na san wannan ce Kuve, na san zanen da ke jikinta nawa ne. Kun ga ko? Wanda hankalinsa ya gushe ba ya gane zanensa a jikin wata.

Tsoro nake ji. Wannan ma sa shi a takarda, kada a ce tsohuwa ta tafi tana dariya. Tun da na faɗi a kan dutsen niƙa na kasa tashi, na san abin da ke tafe, kuma ba na son sa. Amma akwai abin da ya fi shi tsorata ni. Ranar kasuwar Mogode mai zuwa ɗan kwangilar nan zai dawo da motarsa, Tizhe ya dangwala masa yatsa, a ba shi gindin Farin Dutse inda gonarmu ta ƙare ta sama, ya kawo inji da nakiya ya mai da wurin tsakuwar titi. Ni mace ce, aure ya kawo ni gidan nan, gona ba tawa ba ce balle in hana. Na sani. To, abin da yake nawa shi zan raba, ku bi ni a hankali har in kai ƙarshe.

Na ɗaya. Dutsen niƙana, da ɗansa, na Kwaramba ne. Mijinta ya zo da jaki ya ɗauka, kada a ce ya yi nauyi a bar shi kaji su hau. Baƙin dutse ne, mai ƙananan ramuka, daga kwarin da ke bayan gari ubana ya sa aka saro min shi lokacin aurena. Kwaramba, ki ji, shi baƙin shi ne na niƙa. Yana cin dawa, dawa ba ta cin sa. Kada ki yarda wani ya sayar miki da fari don ya fi kyan gani, yashi zai zubar miki a gari, mijinki ya tauna ya yi miki kallon banza. Kowane dutse da aikinsa. Aikin fari daban ne, zan zo kansa.

Na biyu. Rumbuna. Dawar da ke ciki a yi abincin makokina da ita, a dafa giya ga masu sha, a dama kunu ga waɗanda suka bari. Zira ya musulunta, Kwaramba tana zuwa coci, Tizhe yana nan kan abin da ubansa ya bari. Kowa ya roƙa min Allah da bakin da ya iya, ban ware kowa ba, kada kuma wani ya hana wani. Amma zangarniyar da na rataye a saman rumbu, wadda hayaƙi ya yi wa baƙi, iri ce. Wanda ya dafa ta ban yafe ba. A raba ta gida uku.

Na uku. Kwandunana biyu, manyan nan masu ƙarfin gindi, ɗaya na Masi, ɗaya na matar Tizhe. Kada ki ɓata fuska, 'yata, na ga bakinki. Kin zaci awarwaro za ki samu. Rubuta dai, za ki gane.

Shekarar da aka kawo ni gidan nan, kafin ruwa ya sauka, uwar mijina ta miƙa min kwando ta ce in biyo ta. Muka hau gona hawa-hawa, muna tsallake jeren duwatsun da ke tare ƙasa, har muka kai gindin Farin Dutse, inda yake tsaye shi kaɗai kamar taɓarya. A nan ƙarƙashinsa akwai ɓaraguzansa da suka zubo tun kaka da kakanni. Na sama-sama da ƙarfinsu, in ka buga su amo suke yi kamar ƙarfe. Amma in ka ture su ka tona, na ƙasa sun ruɓe, sai ka murje su da hannu su zama gari mai ruwan toka. Ta ce in cika kwando. Na ce, "Inna, me za a yi da shi?" Ta ce, "Ke dai ɗauka, amarya ba ta tambaya da kwando a ƙasa." Muka sauko da shi muka gauraya da kashin awaki da tokar murhu, muka watsa a kowane hawa. Haka kowace shekara, har ta rasu, na ci gaba ni kaɗai, har ƙafata ta ƙi.

Ubanku Vandi dariya yake min. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya sai ya ce wa abokansa, "Ku dubi tawa. Matan mutane itace suke saukowa da shi daga dutse, ita dutsen take saukowa da shi. Wata rana za mu tashi mu ga ta kwashe shi duka ta kawo tsakar gida." Ni kuwa in ce masa, "In tuwo ya zo ka ce ba ka cin na dutse." Bai taɓa cewa ba. Sini, kana nan, kai ma ka sha miƙo akushi.

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa tana da ciki, lokacin Zira yana goye, gonakin kwari duk suka ƙone. Namu hawan na sama, na kusa da dutse, su suka ba mu abin da muka kai ga wata damina. Ɓaraguzan nan suna shan ruwan sama su riƙe, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ne idon ruwan da ke tsattsafowa ƙarƙashin ɓauren nan, wanda rabin unguwa ke ɗiba da rani. Ban ce na san cikin dutse ba. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Wadda ta san cikinsa ta zo daga baya. Wata malama ce daga babbar makaranta, 'yar kudu, da wando da hula, sunanta ya ƙi zama a bakina sai na sa mata Mai Guduma. Ta kwana biyu a gidan nan, a ɗakin da Kwaramba ta bari. Kullum tana dutse tana fasa ƙanana tana sa wa a jaka, baƙi daban, fari daban. Kuve ta ce, "Wannan ma irinki ce, mahaukatan sun zama biyu." Ran nan ta same ni ina cika kwando, ta tsuguna ta murza garin a tafinta, ta tambaye ni, na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗiba ta ƙulle a leda ta tafi.

Da ta dawo wata shekara, ta same ni ina tace toka, tukunya mai huji a sama, ruwan yana ɗiga a ta ƙasa, zan sa a miyar kuka. Ta zauna a kan wancan dutsen na bakin ƙofa, ta ce bari ta ba ni labarin abin da suka gano. Masi, rubuta shi daidai, jikokina su ji, don ni sau ɗaya aka gaya min kuma ban yar da shi ba.

Ta ce tun kafin a yi mutum, nan inda muke zaune wuta ce. Can ƙarƙashin ƙasa, nesa ƙwarai, zafi ya narkar da dutse kaɗan, ya taru wuri ɗaya kamar a tukunya. Wanda ya fara fitowa tsararo ne kamar kunu, ya malala ya cika kwari, ya huce ya zama baƙin nan da nake niƙa a kai. Saura ya daɗe a tukunyar yana hucewa a hankali. Masu nauyi a cikinsa, masu ƙarfe-ƙarfe, suka daskare suka nutse ƙasa, abin da ya rage a sama ya yi haske, ya yi kauri, gishirin da ke ciki duk ya taru a wurinsa. Na ce mata, "Kamar in na dafa ruwan toka ya ƙone, ya bar farin nan a gindin tukunya?" Ta ce, "Kusan haka, Mama. Gishirin ma dangin wannan ne, dangin kanwa da toka." Ta ce da ya zo fita, kaurinsa ya hana shi gudu, sai ya tsaya a maƙogwaron dutsen wutar ya sandare. Ruwan sama ya yi ta cin jikin dutsen, shekara bayan shekara, har ya cinye, ya bar abin da ya toshe maƙogwaron a tsaye. Shi ne Farin Dutse. Ta ce sun niƙa shi sun auna a injinsu, sun ga baƙi da fari tukunyarsu ɗaya, uwa ɗaya, fari ne dai ya daɗe a ciki.

Na ce, "To shi ke ciyar min da dawa?" Ta ce, "Mama, gishirin da shuka ke so yana cikinsa, wannan na auna na gani. In ya ruɓe yana saki. Amma ban auna gonarki ba, ba zan ce miki ga rabon dutse ga rabon akuya ba." Na ji daɗin wannan magana, don wanda ya ce maka ga inda saninsa ya tsaya, ka yarda da abin da ya ce ya sani. Na kuma tambaye ta ko wutar za ta dawo. Ta ce wannan maƙogwaron ya mutu tuntuni, in kwanta in yi barcina. Na ce to in an fasa shi, wani zai sake tsirowa? Ta ce, "A'a. Tukunyar ta huce."

Shi ya sa kwando. Ke Masi da matar Tizhe, kafin ruwan farko ya sauka, ku hau tare. Ku ture na sama, ku ɗebi ruɓaɓɓen, ku mai da na saman inda yake don ya rufe. Kada ku ɗiba wuri ɗaya shekara biyu a jere. Awarwaro ba zai ciyar da 'ya'yanki ba, Masi.

Ba ni ruwa. A'a, kada ki ajiye alƙalamin, Kuve ta ba ni.

Na huɗu. Abin da ake bi na. Tukunyar giyar Kuve tana bayan ɗakina, tun bikin Kwaramba na aro ta. A mayar mata. Ta tsage a baki, amma da tsagarta ta zo, kada ta ce ni ce. Ke kuma tsohuwar banza, riƙe zanen, na bar miki, daina kukan nan kina jiƙa min shi. Sai Teri maƙeri, ya ƙera min fartanya bara na ce sai kaka, kaka ta zo ina kwance. A auna masa dawa a cika masa ƙwarya har ta zuba, a ƙara masa kaza. Kada a yi masa ƙwauro, akwai aikin da zan ba shi wanda ya fi fartanya.

Na biyar. Tizhe da Zira. Damina biyu ke nan ba ku ci a akushi ɗaya ba, kuna tsammani ban lura ba don ina kwance. Zira, kai ka fara. Ka kwashe duwatsun jeren da ya raba hawanka da na wanka ka yi harsashin ɗakinka, ruwa ya zo ya tafi da ƙasarsa, ka ce ai duwatsun ubanka ne kai ma. Na ubanka ne, amma ubanka a gona ya jera su. Masi, kada hannunki ya yi sanyi don mijinki ne, rubuta yadda na faɗa. Zira zai sake jera wannan katanga da hannunsa, ba ɗan ƙwadago ba, Tizhe kuma zai miƙa masa dutse. In an gama ku ci tuwo a wurin. Kuma Zira, na ji kana yawo a Mokolo kana cewa kai ba ka yarda a sayar da gindin dutse ba. Kada ka ɗauka ka zama ɗan kirki a idona. Ba don idon ruwa ka ƙi ba, don Tizhe ne ya kawo maganar. Da kai ɗan kwangila ya fara samu, da tuni an ji nakiya. Ni na haife ka.

Na shida. Awakina duka, har mai cikin, da awarwarona na tagulla, da abin wuyan da na yi rawa da shi ina budurwa, na Tizhe ne. A kai su kasuwa, a kai 'yarsa asibitin Marwa a duba mata idon nan kafin ɗayan ma ya rufe. Kwaramba, kada ki ji haushi, na san kin sa rai da tagullar. Idon yarinya ya fi wuyanki.

Tizhe, ɗana na fari, da kai nake. Ban ce kai mugu ba ne. Ranar da ka zo ka tsuguna nan ka ce min, "Inna, dutse ne fa. Dutse ba ya haihuwa, ba a tatsar sa. Yarinya tana lalube a tsakar gida, ni in zauna ina gadin dutse?" na ji ka sarai. Gaskiyarka ce rabi. In awakin ba su isa ba, Zira zai cika, Kwaramba za ta cika, Sini ga ka nan, kai ma kana da bijimi, kada ka sunkuyar da kai. Ciwon yarinyar nan na gida ne gaba ɗaya, kai kaɗai ka ɗauke shi har ya kai ka ga ɗan kwangila. Amma shi mutumin nan, ka ji abin da ya ce da bakinsa: in ya gama nan, gaba zai yi. Abin da zai ba ka zai ƙare kafin yarinyar ta yi aure. Sannan ka hau gona ka tarar da rami. Me matarka za ta ɗebo a kwando? Ina unguwa za ta sha da rani? Kai za a riƙa nunawa a kasuwa.

Na gaya maka wannan da baki, ka ce ka ji, washegari na ga motar a ƙofar gidanka. Na aika Sini, ka ce masa ya gaya min maganar maza ce. To. Na yi ta juyi a kan tabarmar nan ina neman abin da mace ke da shi wanda ɗanta ba zai iya sayarwa ba. Na samu ɗaya.

Na bakwai. Masi, gyara zama, rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Kada a kai ni makabartar gari. A gindin Farin Dutse za ku sa ni, a tsakiyar ɓaraguzan, sama da ɓaure, daidai inda uwar mijina ta fara cewa in cika kwando.

Sini, zauna. Zauna na ce. Na san abin da za ka faɗa, ba a taɓa yi ba, dattawa za su yi magana, matar Vandi kusa da Vandi take kwanciya. Kana tsammani ban sani ba? Tun ranar da aka rufe wanka na zaɓi wurina a gefensa. 'Ya'yana biyu da ba su yi haƙori ba suna can. Duk shekarun nan abin da nake rarrashin kaina da shi ke nan, in na tafi zan kwanta cikin nawa. Yanzu ga shi zan hau can ni kaɗai, inda ba kowa sai birai da iska, inda ko da rana ba na son in daɗe in ba da kwando ba. Amma na duba garin nan kaf, ban ga mutum ɗaya ba, mai zuwa coci ko mai salla ko mai bin na gargajiya, da zai tsaya a sa nakiya inda aka rufe tsohuwa. Tizhe kuwa ko duniya za a ba shi ba zai dangwala yatsa a kan uwarsa ba. Na san ɗana. Kansa da tauri, amma shi ne yake zuwa da asuba ya taɓa ƙafata ya ji ko da ɗumi, yana zaton barci nake.

Dattawa kuma, Sini, kai za ka same su. Ka ce musu ban raina makabarta ba. Ka ce musu ruwan da matansu ke ɗiba nake je gadi. Vandi zai gane. In ma bai gane ba, ya saba, zai ce ga ta can ta koma wurin dutsenta.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ranar kasuwa ta kusa, ni kuwa ban san ranata ba. Ina iya wuce ta ina nan kwance ina shan kunu, a dangwala yatsa, motar ta hau, in mutu bayan an fasa wurin. Saboda haka ba za a jira ni ba. Kun san al'adarmu, maƙeri ke haƙa, shi ke ɗaukar gawa a kafaɗa, kuma inda ya sara ya kafa dutsen rufi, wurin ya zama na mai shi, ba a tashinsa, ba a ba wani. To, ya hau ya sara tun ina da rai.

Kuve, daina toshe baki. Na san ba a kiran rami ga mai numfashi, na san ana cewa in an buɗe shi yana kira. Ni ma da wannan tsoron na girma, kuma yanzu ma da nake faɗa harshena ɗaci yake. In ya kira ni da wuri, ya kira. Kwana nawa ne ma suka rage da zan yi rowarsu?

Dutsen rufin kuwa, ga shi can a bakin ƙofa, faifan farin dutsen nan da Mai Guduma ta zauna a kai, wanda nake bugawa da taɓarya in tuwo ya nuna ku ji amonsa daga gona ku sauko. Daga can sama Vandi da abokansa suka gangaro min da shi shekarar da aka haifi Tizhe. A mai da shi inda aka ɗauko shi. Duk wanda ya hau cika kwando ya ƙwanƙwasa min sau ɗaya, in san na gida ne.

Shi ke nan abin da nake da shi. Tizhe, Allah ya buɗe idon 'yarka, ya huce zuciyarka a kaina, don na san za ka yi fushi, za ka ce na ɗaure maka hannu a gaban mutane. Na ɗaure. Ka yi fushinka ka gama, ka zo ka taɓa ƙafata yadda ka saba. Zira, Allah ya ba ka kasuwa, ya rage maka baki. Kwaramba, Allah ya sa ki ga jikokinki kina niƙa a kan dutsen nan. Masi, da ke da matar Tizhe, Allah ya ba ku wuya mai ƙarfi, ya ba ku surukai masu jin magana fiye da ku. Ku 'ya'yana uku ciki ɗaya kuka fito, ɗaya bayan ɗaya, kowa da kalarsa. Kada in ji an raba tsakar gidan nan da katanga. In dawa ta nuna ku yanka tare, in wani ya kwanta ku taru a kansa tun kafin ya je neman baƙo mai mota. Wanda ya ga ɗan'uwansa yana lalube ya kau da kai, ina can sama, gonar duka a ƙarƙashina take.

Kawo in dangwala. Ina tawadar? To, ga shi. Kuve, sa naki. Sini, kai ma.

Yanzu ku ji. Kada wanda ya nufi gidan Tizhe tukuna. In ya ji kafin a sara, zai zo ya tsuguna nan ya yi min kuka, ni kuwa ban san ko zan iya jurewa ba. Kada a kira Zira a waya, kada a aika wa Kwaramba. Sini, tashi, ɗauki sandarka, bi ta bayan rumbu ka gangara maƙera. Teri za ka fara gaya wa. Ka ce Kwanye ta ce ya ajiye abin da yake ƙerawa, ya ɗauko magirbinsa na haƙa, ya zo ya ɗauki dutsen bakin ƙofa tun rana ba ta yi zafi ba. In ya sara ya kafa, ya buga shi da ƙarfi yadda zan ji daga nan. Sannan ku kira min ɗana.